Tsintsiyar Mama a cocin da ba rufi

Shekarun baya, lokacin ina zaune ni kaɗai a wani ɗan flat a Thamesmead, mahaifiyata ta zo London karo na farko. A bakin mutane dai ziyara ta zo. Amma ni da ita mun san abin da ya taso ta daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna, ita da ko Abuja sai an yi da gaske take zuwa. Na gaya mata a waya cewa na sami wanda zan aura, kuma Bature ne. Sai ta ce, "To, sai na zo na gani."

Mahaifina ya rasu tun ina makarantar koyon aikin jinya, 'yan'uwansa kuma sun ce duk abin da Mama ta gano ta dawo da shi, shi ne nasu. Ke nan maganar aurena tana bakinta. Ni kuwa, duk da shekarun da na yi a ƙasar nan ina cin gashin kaina, ba zan iya shiga coci da farin kaya ba in ba ta sa albarka ba. Kuma ba zan iya rabuwa da shi ba. Abin da ke hana ni sukuni ke nan a lokacin.

Da muka buɗe akwatinta, ga daddawa, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga yaji da ya isa unguwa guda. A can ƙasa kuma, naɗe cikin zane, sai ga tsintsiyar laushi sabuwa fil. Na yi dariya na ce, "Mama, a nan fa inji ke shara."

Ta ce, "Injin ya san lungu?" Ta jingine abarta a bayan ƙofa.

Saurayin nawa ma'aikacin asibitinmu ne, shi ke gyara na'urori idan sun lalace. Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai saurin jin kunya. Sai da na yi makonni ina horar da shi. Na koya masa durƙuso, na koya masa "Ina wuni, Mama", na ja masa kunne kada ya kuskura ya miƙa mata hannu ko ya kira ta da sunanta. Ranar da ya zo, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, gwiwoyinsa suka yi ƙara har Mama ta ce in tambaye shi ko lafiya. Ya ci tuwo da miyar kuka da hannu, ya zuba yaji don ya burge, hawaye na zuba yana cewa da daɗi. Na ga Mama ta kau da kai tana danne murmushi, na ce a raina an gama.

Ashe ba a ma fara ba. Da aka kwashe kwanuka, ta gyara zama ta ce in tambaye shi ina garinsu.

Ya ce a Edmonton aka haife shi, wata unguwa a nan London.

"Can iyayensa suke?"

Ya ce duka sun rasu. Gidan ma na council ne, wato ƙaramar hukuma, an karɓe an ba wasu Turkawa.

"'Yan'uwa fa?"

Yaya mace guda ɗaya, tana Ostareliya, sukan gaisa da Kirsimati. Akwai wani ƙanen mahaifinsa da aka ce yana arewacin ƙasar, amma bai taɓa sa shi a ido ba.

Mama ta jinjina kai. Ta ce to ina aka binne iyayen, ko za a kai ta ta gani. Da ya ba da amsa sai na tsaya ina kame-kame, ina neman yadda zan juya maganar. Ta dube ni ta ce, "Faɗi abin da ya ce, ba abin da kike so ya ce ba."

Na ce, "Wai ba a binne su ba, Mama. Ƙone gawar aka yi, haka suka bar wasiyya, aka zuba tokar a bakin tekun da suke zuwa hutu."

Ba ta ƙara tambayar komai ba. Ta yi masa godiya, ta ce ya gaida gida, sai kuma ta ɗan tsaya, don ta tuna babu wanda zai gaisar.

Bayan ya tafi ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Yaron nan yana da hankali, ban ga aibunsa ba. Amma mu ba ma ɗaukar 'ya mu ba mutum ɗaya. Gida muke ba wa. Wa zai zo ya zauna a gabana ya nemi aurenki? Ran da ya ɓata miki rai, wa zan kai wa ƙara? In na koma, 'yan'uwan babanki suka ce ɗan wane gida ne, in ce musu ɗan teku?"

Na yi kuka, na yi fushi, na yi wa'azi. Na kawo mata ayoyi, ita da take shugabar zumuntar mata tun ina goye, ta ƙarasa mini su daga inda na tsaya. Da hakan bai ci ba sai na koma dabara. Har na yi tunanin in roƙi wani dattijo da ke aiki da shi ya sa kwat ya zo a matsayin kawu. Saurayina ya ce sam, shi ba zai fara zama da mahaifiyata da ƙarya ba. Sai na ɗauki hutu na shiga yawo da ita, wai ko ganin gari zai sanyaya mata rai. Na kai ta bakin kogi, na kai ta manyan kantuna, na sa ta a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tana riƙe da hannuna gam. Abin da ya burge ta kawai shi ne kasuwar Whitechapel, don ta ga kuɓewa ɗanya. Ranar komawarta kuwa sai matsowa take yi.

Ana nan sai ya ce mini akwai inda yake so ya kai Mama. Wani tsohon coci ne a can gefen London, inda bas ke ƙarewa gonaki su fara. Kakansa da kakannin kakansa duk a can suke kwance. Yana yaro kakarsa takan kai shi, amma tun da ta rasu bai koma ba. Ya nuna mini hoton wurin a waya, na ga bango tsaye ba rufi, ciyawa ta kai ƙugu. Na ce masa, "In kana so ka ƙarasa kashe maganar nan, to kai ta." Ya ce shi dai abin da yake da shi ke nan.

Muka tafi. Jirgi, bas, sannan tafiyar ƙasa ta wata siririyar hanya tsakanin shinge. Lokacin zafinsu ne, rana ta fito sosai. Sai ga cocin a kan ɗan tudu. Hasumiya ce mai kusurwa huɗu, kanta a gutsure, da bangaye na ƙananan duwatsu masu baƙi-baƙi, wata ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe rabinsu. Tagogin dogaye ne masu tsini a sama, babu gilashi ko ɗaya, ta cikinsu kana hango sararin sama. A inda ya kamata a ce kujeru suke, ciyawa ce shimfiɗe, tantabaru suna kiwo. A waje kuma duwatsun kaburbura ne, wasu a tsaye, wasu sun karkace, ciyawa da furanni sun kusa shanye su.

Ya ratsa ya kai mu gindin wata tsohuwar bishiya, ya buɗa ciyawa da hannu ya nuna duwatsu a jere, duka da sunan gidansu. Na kakan ana iya karantawa. Sauran ruwan sama ya cinye rubutun sai kaɗan. Mama ta tsaya ta harɗe hannu a baya. Ta dubi kaburburan, ta ɗaga kai ta dubi inda rufi ya kamata ya kasance, ta sake duban ciyawar. 

Sai a cikin bas ta yi magana, tana kallon taga. "Mutanen da ke da jirgi a ƙarƙashin ƙasa, amma ɗakin Ubangiji ba rufi." Can kuma ta ƙara, "Kuma iyayensu kwance a jeji kamar ba su haifi kowa ba." Na harari saurayina, shi kuma bawan Allah ya tambaye ni me ta ce. Na ce ta ce wurin yana da iska.

Ranar Asabar da sassafe na ji ana taɓa ƙafata. Mama ce, ta ci ɗamara da tsohon zane, ta ɗaure kai tamau. A hannunta ga tsintsiya, ga kuma wata 'yar fartanya. Ashe ta aro ta wurin wata maƙwabciyarmu 'yar Jos da ke noman alayyafo a filin da council ke ba mutane.

"Tashi ki kira yaron nan. Mu koma."

"Mama, ina? Na yi booking ɗin mai kitso fa."

"Kitson ya jira. Tun ranar nan abin yake tsaye mini a rai. Kuma kada ki ɗauka don shi nake yi, maganata tana nan inda take. Ba zan iya ganin kabari a haka in hau jirgi in tafi ba."

Haka muka shiga bas, ƙotar fartanya ta leƙo daga cikin jaka, tsintsiya a hammatarta. Ni da ke taƙama na zama 'yar gari, sai sunkuyar da kai nake yi ina addu'a kada mu haɗu da wanda na sani. Ita kuwa gaida duk wanda ya kalle ta take yi.

Ga wanda bai sani ba, a wurinmu kabarin da ake kula da shi ba ya da ko tsinken ciyawa. Ana nome shi har sai jar ƙasa ta fito, a share, a bar sawun tsintsiya a kai. Duk wanda ya wuce ya ga sawun nan ya san mai kabarin ya bar baya. To haka Mama ta sunkuya ta fara. Fartanya tana tashi, ciyawa tana zubewa, da furanni farare da rawaya da shuɗi, duk ba ta bar ko ɗaya ba. Ba ta yi nisa ba saurayina ya tuɓe rigarsa ta sama, ya miƙa hannu biyu yana neman fartanyar. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ba shi. Riƙon da ya yi mata ya sa ta tafa hannu tana salati irin nata, ta gyara masa tsayuwa, ta nuna masa yadda ake ja. Ni aka ba ni kwasar ciyawa, wai aikin da ya dace da mai dogon farce.

Mun gama kaburburan gidansu, Mama ta ce ai ba a share wa mutum a bar maƙwabcinsa, muka shiga na gaba. Muna cikin haka sai muka ji murya daga bakin shinge. Wata tsohuwar Baturiya ce, da hular rana da ɗan karenta, tana tahowa da sauri iyakar ƙarfinta, tana ɗaga sanda. Da ta iso ta ga tulin furannin da na tara, sai ta dafe ƙirji. Ta ce me muke yi haka, wa ya ba mu izini. Furannin nan da gangan aka bar su. Su 'yan unguwa ne suke kula da wurin, shekara da shekaru suna lallaɓa su saboda ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi, ba a yanka sai ƙarshen zafi in sun zubar da iri.

 Na fara hango 'yan sanda, da takardun zamana, da hotona a jarida riƙe da tsintsiya. Mama kuwa ta miƙe ta riƙe ƙugu ta ce, "Me take cewa?"

"Wai furannin na ƙudan zuma ne, Mama."

"Ƙudan zuma ne suka haife su?"

Wannan kam ban fassara ba. Kafin in san abin da zan ce, saurayina ya ajiye fartanya ya matsa gaba, fuskarsa ja wur, gumi har wuya. Ya ce wa tsohuwar ta yi haƙuri, laifin nasa ne. Waɗannan kakanninsa ne, shi ya yi shekaru bai leƙo su ba. Wannan kuma, ya nuna Mama, uwa ce a gare shi, daga nesa ta zo, ta ga abin da ya bari ta kasa haƙuri. In akwai wanda za a kai ƙara, shi ne.

Mama ta taɓa ni. "Shi kuma me ya ce? Kuma ki faɗa daidai." Na faɗa mata daidai. Sai na ga ta sauke hannunta daga ƙugu.

Tsohuwar ta sunkuya ta karanta sunan da ke kan dutsen, wanda yanzu ya fito fes. Ta ɗago ta ƙare masa kallo. Ta ce ko shi ne ɗan yaron da wata mata mai jan kwat takan zo da shi, yana hawa bango ana sauko da shi? Ya ce shi ne. Sai faɗa ya koma hira. Ta zauna a kan wani guntun bango, Mama ta zauna kusa da ita, kare ya kwanta a kan tulin furannin, ni kuma na tsaya a tsakiya ina tafinta.

Mama ta fara da abin da ke cin ta: me ya sa suka bar ɗakin sujada ya rushe, yaƙi aka yi? Tsohuwar ta ce a'a. Ta ce da can nan ƙauye ne sosai, gidaje kewaye da tudun nan. Manoman ƙauyen ne suka tsinto duwatsun daga gonakinsu suka gina cocin, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Da farko ɗan ɗaki ne, daga baya da aka sami hali aka ƙara tsawo, aka ɗora hasumiya. Annoba ta taɓa ratsa ƙauyen, ya tashi ya sake tsayawa. Abin da ya tashe shi daga ƙarshe hanyar jirgin ƙasa ce. Da aka kafa tasha a can gangare, sai mutane suka riƙa sauka gida-gida, don can aiki yake, can kasuwa take. Suka gina sabon coci kusa da tasha, suka zo da keken doki suka sauke ƙararrawa suka tafi da ita, suka kwashe abin da zai yi amfani a rufin. Sauran aikin ruwan sama ya ƙarasa. Amma tsofaffin gidaje ba su daina kawo matattunsu nan ba, kowa yana so a kwantar da shi kusa da nasa, har wuri ya cika. Ta nuna wani lungu da sandarta ta ce nata iyayen suna can.

Tun ina tsakiyar fassara na ga fuskar Mama tana sakewa. Da na kai wurin ƙararrawa sai ta kama hannuna.

"Ke, ashe kufai ne."

Na tsaya. Ta ce, "Kufai ne mana. Ba yarwa suka yi ba, sauka suka yi. Gaya mata mu ma haka muka yi."

Sai ta shiga ba da labarin da na sani tun ina yarinya, amma ban taɓa kawo shi kusa da wannan wurin ba. Ƙauyenmu a kan dutse yake da, tun zamanin da ake gudun mahara. Da aka sami zaman lafiya, aka yi titi a ƙasa, sai mutane suka riƙa sauka gida-gida. Cocinmu na farko yana can sama, na laka ne, mahaifinta yana cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar. Jinkar ta daɗe da zubewa, sai bango. Ƙararrawar ma, wani ƙarfen ƙafar mota ne da ake bugawa, a ka aka sauko da shi. Kuma duk shekara kafin Kirsimati akan hau da fartanya da tsintsiya a share wa iyaye. Na tuna yadda muke bin su muna yara, ana aiki muna cin gyaɗa. Ni da na yi karatu, na zo wurin nan sau biyu ban ga komai ba sai abin kunya. Mama da ba ta jin Turanci ita ta gane inda muke.

Tsohuwar ta ce su ma sukan taru ƙarshen zafi, kowa da abin yankansa, a yanke ciyawa a sha shayi. Mama ta ce, "Gayya ke nan. To ai da mutanensu." Sai ta ba da haƙurin furannin, ta ce a wurinmu ƙasa ake so a gani. Tsohuwar ta dubi sawun tsintsiyar da ke kan kaburburan, layi-layi kamar an taje kai, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an yi wa kabari haka ba, kuma ba za ta ce bai yi kyau ba. Amma don Allah a tsaya a nan.

Mama ba ta bar damar ta wuce ba. Ta ce in tambaye ta, tunda ta san gidan, wane irin mutane ne? Akwai sata? Akwai dukan mata? Na ce, "Haba Mama." Ta ce, "Tambaye ta." Tsohuwar ta yi dariya har da share ido. Ta ce ba ta taɓa jin ko ɗaya ba. Abin da aka san su da shi taurin kai ne, an ce gidansu ne na ƙarshe da ya sauka daga tudun. Mama ta dube ni ta ce, "To, sun sami daidai da su."

Daga nan ta shiga murza bakin zanenta. Da ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Bara ba wanda ya hau namu. Gwiwata ta ƙi, ku kuma duk kun watse. Babana da mamata suna can cikin ciyawa, ni kuma na zo nan ina ganin laifin ɗan mutane." Wannan ba ta ce in fassara ba, ni ma ban fassara ba.

Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta kwance ɗamararta, ta gyara ɗankwali. Ta taka zuwa gaban kabarin kakansa, ta durƙusa da gwiwa biyu, da ƙyar, irin durƙuson da mace ke yi wa surukai. Ta ce mini, "Zo ki faɗa da Turanci. Kada ki rage, kada ki ƙara."

Ta ce, "Sannunku da hutawa. Ni ce uwar yarinyar. A al'adarmu ku ya kamata ku tako ku same ni, amma na ga uzurinku. Tunda ba za ku iya zuwa ba, ni na zo. Na ga gidanku, na ga ɗanku, hannunsa bai iya fartanya ba amma bai ajiye ta ba. Ga 'yata nan, na ba gidanku. Tana da baki, amma ba ta da mugunta."

Ina fassarawa ina kuka, ga majina, ga ciyawa a gashina. Da na kai ƙarshe na waiga, sai na ga saurayina shi ma ya durƙusa a bayanta, kuma wannan karon ba wanda ya koya masa. Tsohuwar ta cire hularta.

Da muka ɗaga Mama, na ce don in sami abin faɗa, "Mama, in fasto ya ji kina magana da matattu fa?"

Ta ce, "Na san ba sa ji. Shi nake so ya ji." Sai ta juya ga tsohuwar ta ce in gaya mata, daga yau ita ce gwaggonsa, ran da ya ɓata mini rai wurinta za a kawo ƙara. Tsohuwar ta ce ta karɓa, da ma tun yana hawa bango take da maganar da za ta gaya masa.

Haka aka yi kuwa. Ranar bikinmu ita ta zauna a kujerar iyayen ango, 'yan zumuntar mata sun naɗa mata gwaggwaro ya fi kanta girma, ta ƙi cirewa har aka tashi.

Kirsimatin da ya biyo baya muka je gida. Tun kafin mu huta mijina ya tambayi hanyar dutse. 'Yan'uwan mahaifina suka ce a bar Bature ya sha iska, ya ce a'a. Ya saɓa fartanya, na ɗauki tsintsiya, yaran gari suka bi mu a baya suna dariya. Ya nome kabarin kakannina har jar ƙasa ta fito, wuyansa ya ƙone, tafin hannunsa ya yi ruwa. Mama tana zaune a kan kujera a gindin dutsen tun safe, ta ƙi shiga inuwa. Da muka sauko ta kama hannayensa ta juya su ta duba, ta ce, "Sannu, ɗana." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Har yau in na tuna, dariya nake fara yi, musamman fartanyar nan a cikin bas. Amma nakan yi tunanin yadda na ɓata makonni ina nuna wa Mama gine-gine masu ƙyalli, alhali abin da take nema shi ne inda mutum ya fito, da kuma ko akwai mai komawa ya duba. Wurin da na so in ɓoye mata shi ne ya ba ni miji. Yanzu in na shiga tsakanin bangayen nan ba na jin baƙunta. 'Ya'yana suna hawa bangon da babansu ya hau, ina yi musu tsawa da Hausa suna ba ni amsa da Turanci, kuma sun san waɗanda ke kwance a gindin bishiyar nasu ne, kamar yadda na kan dutse suke nasu.

Tsintsiyar tana nan a bayan ƙofarmu, ta tsufa ta gajarce, Mama ta ƙi a aiko da sabuwa wai wannan ta san hanya. Duk ƙarshen zafi muna zuwa gayyar yankan ciyawa, kuma an yi mana rangwame: kaburburan gidanmu kaɗai ake nomewa har ƙasa. Da lokacin ya kusa, waya za ta yi ƙara, ko gaisuwa ba ta gamawa.

"Kun je kun share wa surukaina?"

"Ranar Asabar za mu, Mama."

"To. Ku gaishe su. Kuma ki gaya wa ɗana ya bar wa ƙudan zuma nasu."